Askin Kulki a Garejin Lorene

Shekara talatin da ɗaya Lorene Kessinger ta yi tana tsaye gaban injin sassaƙar ƙarfe a masana'antar famfunan ruwa ta garin Pruett, can kudancin Indiyana. Ranar da ta ajiye aiki, manajan ya tambaye ta abin da take so a yi mata na sallama. Ba ta ce agogo ba, ba ta ce walima ba. Tsohon injin da aka ture lungu ta nuna, wanda a kansa ta koyi aiki tun tana budurwa. Maza shida suka ɗora shi a mota suka kai mata gareji. Mijinta Delbert, direban bas ɗin 'yan makaranta, ya kwashe tarkacen kamun kifinsa ya ba injin wuri, ya ce ai ya daɗe da sanin shi ne na biyu a gidan.

Ƙaninta Royce Haddix kuwa rufin kwano yake yi. Ƙato ne, kafaɗunsa kamar ƙofar rumbu, kuma a duk ƙungiyoyin sofbol, wasan bugun ƙwallo da kulki, na coci-cocin gundumar ba a samun mai bugunsa. Amma yana da ciwo guda da ke cin sa. A ranar ƙarshe ta kasuwar baje kolin gunduma akan yi gasar nisan bugu. Kowa bugu goma gare shi, mai jefa ƙwallo yana fake bayan raga, wanda nasa ya fi nisa ya ɗauki kofi da rabin naman sa. A wannan gasa kaɗai ba a tambayar kulki, kowa ya zo da irin wanda ya ga dama. Shekara shida a jere Royce yana zuwa na biyu, kuma duk shekarun nan mutum ɗaya ne a gabansa, Garrett Oberholt, mai sayar da injinan yankan ciyawa a hayin kogi.

Kowa ya san sirrin Garrett, shi ma ba ya ɓoyewa. Kulaken zamani ba itace ba ne, ba kuma ƙarfe ba. Wani irin baƙin zare ne ake naɗawa falle kan falle a haɗe da danƙo, ciki rami. In aka cire murfin kan kulkin aka kankare bangon ciki ya yi siriri, sai ya riƙa lotsawa yana cilla ƙwallo kamar gwafa. 'Yan wasa aski suke ce wa wannan aiki. Garrett yakan aika nasa ta gidan waya can Fulorida, wurin wasu masu injin da kwamfuta ke tuƙawa, su yi masa askin su dawo da shi.

Wata Lahadi a watan Afrilu, bayan an tashi daga coci, Royce ya zo cin abincin rana gidan yayarsa. Sai da ya share kaza da dankali sannan ya kawo maganar. Lorene ta ce ita famfo ta sani, ba ta taɓa sa kayan wasa a injinta ba, kuma ba yanzu za ta fara ba. Royce bai ja ba. Ya goge baki, ya ce dama ya san zai yi wuya, don ya tambayi Garrett, shi kuma ya yi dariya ya ce wannan ba aikin tsohon injin da ya girmi mai shi ba ne, sai dai ta yi masa ƙafar kujera.

"Haka ya ce?" in ji Lorene.

"Yaya, ni dai abin da na ji na faɗa."

Delbert ya san matarsa. Ya dubi surukinsa ya ce, "Ka cuce ni, Royce. Na so in je kamun kifi bana."

Royce ya so a fara da sabon kulkinsa nan take, Lorene ta ƙi. Ta ce ba a koyon aski a kan mai gida. Ta tura Delbert ya zaga ya kwaso mata duk wani kulkin da ya tsage ko aka gaji da shi, daga ɗakin ajiyar coci, daga wajen malamin wasanni na sakandare, har da wasu biyu da ya tsamo a kwandon shara na filin wasa. Ya tara goma sha huɗu. Uku na farko zarto ta sa musu ta tsaga su gida biyu, ta zauna da tabarau da ma'auninta tana duba yadda aka jera fallayen. Ta gane kaurin bangon ba ɗaya ba ne daga wuya zuwa kai, kuma kowane kamfani da irin naɗinsa.

Wahalar ita ce aikin a makance ake yin sa. Ƙarfen famfo kana gani kana yanka, wannan kuwa sai an zura doguwar sanda mai ɗan haƙori a kai cikin rami, a dogara da kunne da tafin hannu. Sandar da take da ita rawa take yi in ta shiga da nisa, don haka sai da ta ƙera wata da kanta. Ƙurar da ke fitowa baƙa ce wuluk, tana sa ƙaiƙayi, ta shiga hanci ta shiga wuyan riga. Delbert ya ce kullum da yamma sai ya duba da kyau kafin ya tabbata matarsa ce ta shigo ba mai haƙar kwal ba.

Bayan gidansu akwai filin ciyawa mai tsawo, can suke gwaji. Royce ya zo bayan ya sauka daga rufi, Delbert ya jefa masa ƙwallo. Da ma shi ne mai jefa wa ƙungiyar cocinsu shekara da shekaru. Ba su da raga, sai ya ɓalle tsohuwar ƙofar rumbu ya jingina ta da sanduna biyu, yana jefawa yana faɗawa bayanta.

Kulkin farko a bugu na biyu ya dare. Na biyun ya kai huɗu. Na ukun bai fashe ba, amma kuma bai ƙara nisan komai ba, don tsoro ya sa ta kankare kaɗan. Royce ya fara tsuke fuska yana cewa ko dai shi ma ya aika Fulorida tun da sauran lokaci. Lorene ta kwashe fasassun ta jera a teburin gareji, ta yi kwana biyu tana jujjuya su. Sai ta lura duk a wuri ɗaya suke tsagewa, daidai inda haƙorin ya tsaya da yanka. Can ciki akwai ɗan tudu, inda siririn bango ya haɗu da mai kauri, ƙarfin bugu kuma nan yake taruwa. Haushin kanta ya kama ta. Wannan ai shi ne abin da take koya wa sababbin ma'aikata a makon farko: ba a barin gaɓa mai kaifi a jikin ƙarfen da zai sha wuya, zarce ta ake yi a hankali har ta ɓace.

Daga ranar aikin ya canza. Maimakon ta yanka ta tsaya, sai ta riƙa janye haƙorin kaɗan-kaɗan, silin gashi bayan silin gashi, hannu ɗaya a kan mariƙin injin, ɗayan a jikin kulkin tana jin motsinsa. Abin da ta kankare na nauyi ta auna shi ta mayar a cikin murfin, don Royce ya saba da kulki mai nauyin kai. Sannan ta koyi sauraro. In ta ƙwanƙwasa da zoben aurenta, wanda bai ji aski ba ƙara yake yi a daƙile, wanda ya wuce kima yana ƙara kamar fasasshiyar tukunya, na daidai kuwa yana da wani amo a tsakani wanda ta kasa kwatanta wa kowa.

Kulki na tara shi ne ya fara yin abin da ake nema. Royce ya ɗirka, ƙwallo ya tashi ya wuce ƙarshen filin ya faɗa gonar waken maƙwabci. Ya tsaya baki buɗe yana kallon abin da ke hannunsa. A bugu na gaba bai samu ƙasan ƙwallon ba, sai ya tafi a miƙe, ya daki ƙofar rumbun daidai tsayin fuska. Katakon ya dare, ƙwallon ya maƙale a tsagar. Delbert ya fito daga baya yana kakkaɓe garin katako daga gashinsa, ya yi ƙoƙarin yin raha. Lorene ta je ta sa yatsa a tsagar ta daɗe tana dubawa. Washegari ta sayo raga ta gaske, ta ce ba wanda zai ƙara tsayawa bayan katako.

Sai farkon Agusta ta karɓi sabon kulkin Royce, saura kwana goma gasa. Shi ya so tun Yuni a yi, yana ta faɗin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta ce goran nan in an fafe shi da wuri ba zai kai ranar tafiyar ba, don ta san hannunsa ba zai iya haƙuri ba. Kwana uku ta yi a kansa. Da ta gama ta manne murfin, ta ɗiga jan farce a wurare huɗu kewaye da mariƙin, ta kira shi. Ta gaya masa kulkin nan bugu goma sha biyu ne a cikinsa, in an yi sa'a sha uku. Biyu zai yi na gwaji. Kuma bayan kowane bugu ya juya shi zuwa ɗigo na gaba, kada gefe ɗaya ya sha dukan duka. Ya yi biyun, ta karɓe ta kulle a kabad ɗin kayan ɗinkinta.

Ranar gasar rana ta yi zafi. An cika bencuna, mutane na fifita da takardun shiri, ƙamshin gasasshiyar masara da man shanu ya gauraye da warin rumfar maruƙa. Lorene ta zauna a layin gaba da jakarta a cinya. Mutum goma sha ɗaya suka shiga, amma kowa ya san biyu ake jira. Garrett ne ya riga bugawa. Da zai wuce ya taɓa hularsa ya gaishe ta, ya ce ya ji labarin Madam Kessinger ta buɗe shagon wanzanci, yana fatan ba ta yanke wa yaron kunne ba. Ta ce masa ya je ya yi abin da ya kawo shi.

Ya kuwa yi. Bugunsa na shida ya tsallake shingen filin ya sauka kusa da rumfar maruƙa. Masu awo suka ja igiya suka kafa 'yar tuta, mai sanarwa ya ce ƙafa ɗari huɗu da talatin da ɗaya, ya fi na bara. Lorene ta kafa wa tutar ido. A filin ciyawa ba su taɓa auna nasu da igiya ba, da ido suke ƙiyasi.

Royce ya fito gumi na zuba. Na farko ya buga shi ƙasa. Na biyu ya tashi sama sosai ya faɗo cikin fili. Na uku ya yi nisa amma ya karkace. Lorene ba ƙwallon take kallo ba, hannunsa take kallo, ta kuma ga bai juya kulkin ko sau ɗaya ba. Ta miƙe ta taka har bakin raga, ta tsaya inda zai gan ta. Ba ta ɗaga murya ba. Hannu kawai ta ɗaga ta murɗa shi kamar mai buɗe kwalba. Royce ya dube ta, ya dubi ɗigon jan farcen, ya sunkuyar da kai kamar lokacin da take kama shi da hannu a tukunyar zuma suna yara. Ya ja da baya, ya goge tafinsa a wando, ya juya kulkin.

Na huɗu da na biyar duk sun haye shinge, amma ba su kai tutar Garrett ba. Na shida ya sauka taku kaɗan kafin ita. A na bakwai, tun kafin ta ɗaga ido ta san an gama, don amon da ta ji shi ne wanda take nema tun Afrilu. Ƙwallon ya tashi bai yi sama da yawa ba, ya yi ta tafiya. Ya wuce shingen, ya wuce tutar, ya wuce rufin rumfar maruƙa gaba ɗaya, ya faɗa kan tantin da matan coci ke sayar da kek ɗin tuffa. Aka ga tantin ya lotsa, mata biyu sun fito a guje da faranti a hannu.

Igiyar awon ba ta kai ba, sai da aka ja ta sau biyu. Aka ɗan yi gardama a kan inda za a tsaya, ko inda ya daki tantin ko inda ya gangaro. Alƙalin ya ce a ɗauki mafi kusa don kada a ce an yi son kai. Duk da haka ƙafa ɗari huɗu da sittin da takwas aka samu. Delbert ya cire hularsa yana dukan cinyarsa da ita. Lorene ta koma ta zauna.

Royce yana da sauran uku, ya ce zai ƙarasa. Na takwas ya haye shinge. A na tara kulkin ya dare tun daga wuya, rabinsa ya yi tsalle ya faɗi gefen fili. Lorene ta ƙirga a ranta, biyu a gida, tara a nan, goma sha ɗaya. Ta ce wa Delbert da yaron nan ya juya shi tun farko da ya kai yadda ta faɗa.

Garrett ne ya je ya ɗauko ɓarin. Ya leƙa ciki, ya zura yatsa yana shafawa daga kai har inda ya karye, ya sake shafawa. Sannan ya tako har inda take zaune, mutane suna jiran rigima.

"Madam Kessinger, ina askin ya tsaya? Na nemi gaɓar ban ji ba."

"Ba za ka ji ba."

"Nawa na Fulorida duk suna da ita."

"Su kwamfuta gare su," in ji ta. "Ni ɗan tsohon injin ƙafar kujera ne da ni."

Garrett ya yi ja har kunne. Ya yi dariya, ya cire hula ya miƙa mata hannu, ya roƙi ta bar masa ɓarin. Ta ce ya ɗauka.

Kafin mako ya zagayo an fara sallama a ƙofar garejin. Kowa da kulkinsa naɗe a tawul, kowa da labarinsa. Wani ya ce na atisaye ne kawai. Wani ya ce ƙungiyarsu ce ke ta shan kashi, sau ɗaya dai yake so su ga wasan ƙarshe. Har da wani dattijon coci, wanda ya zo ta ƙofar baya ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da nasa daga ƙarƙashin kwat. Duk amsa ɗaya ta ba su, ba za ta yi ba. A wasan Lahadi babu raga, mai jefa ƙwallo taku goma sha bakwai ne tsakaninsa da mai bugu, kuma sau da yawa mai jefawar mijinta ne. Ta kai dattijon bayan gareji ta nuna masa ƙofar rumbun da ƙwallon har yanzu a maƙale. Ya duba, ya mayar da kulkinsa cikin kwat, ya tambayi lafiyar Delbert ya tafi.

Royce ma sai da ya gwada. Ya ce tunda jini ɗaya ne ai shi daban ne, ta yi masa ɗan kaɗan wanda ba mai ganewa. Ta ce ita za ta gane. Ta kuma gaya masa shugabannin ƙungiyoyin cocin sun zo sun roƙe ta ta riƙa duba kulake kafin wasa, ta kuma amsa. Daga wannan kakar, duk Lahadi da rana ana ganinta a bakin fili kan kujerar naɗi, 'yan wasa sun yi layi, tana ƙwanƙwasa kulakensu da zobe tana kara kunne. A wata na farko ta ware huɗu masu aski. Ba ta kunyata kowa ba. Takan miƙa wa mai shi ta ce wannan ya gaji, ya kai shi gida ya huta.

Da bazara ta sake zagayowa, wata safiya ta ji tsayuwar mota. Garrett Oberholt ne, riƙe da sabon kulki ko ledarsa ba a cire ba. Ya ce na gasar baje koli ne kawai, ya yarda ta riƙe shi a wurinta har ranar, ta kuma sake karɓe shi in an gama. Ta juya kulkin a hannu, ta ƙwanƙwasa, ta ce ya dawo a Agusta.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen Royce. Ya zo ko tsanin da ke kan motarsa bai sauke ba, ya tsaya a ƙofar gareji yana huci.

"Yaya, abokin gabana za ki yi wa aiki? Uwa ɗaya uba ɗaya fa muke."

"Naka zan yi, nasa zan yi, kuma iri ɗaya sak," in ji ta, ba ta ko kashe injin ba. "Shekara shida kana cewa kulkinsa ne ya fi naka. Bara shi ya ce haka. Bana ina so in ga wanda zai rasa abin faɗa."

Royce ya juya wajen Delbert, wanda ke zaune a kan bokiti yana gyaran ƙugiya, ya ce ya sa baki mana. Delbert ya ce shi tun da aka kawo injin nan aka daina jin ta bakinsa a garejin, shawararsa ɗaya ce, Royce ya rage cin kek ya fara ɗaga ƙarfe. Royce ya tambaya ko akwai sauran kofi a kicin, Lorene ta ce ya duba kan murhu, in ya zuba ya kawo mata nata.